Ƙarancin Bitamin D da Ciwon Tairod: Amsoshin Tambayoyin Mutanenmu na Legas

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, galibi mata, bayan an miƙa musu takardar gwajin jini an ce tairod ya taɓu, ko bitamin D ya yi ƙasa, wani lokaci duka biyun. Matsalolin nan biyu sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, alamominsu kuma sun yi kama, amma kowacce da nata gwajin da nata maganin. Adadin magungunan da muka ambata don mai karatu ya gane abin da likitansa ya rubuta masa ne, ya kuma san abin da zai tambaya idan ya koma asibiti.

Mene ne tairod? Shi ne maƙoƙo?

Tairod wani ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Nauyinsa a jikin babba bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Yana ɗaukar sinadarin aidin daga jini ya haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, zuwan al'ada, har da ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Mai ba shi umarni wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke aiko da sinadarin TSH.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa da takardar gwaji. Idan tairod ya yi kasala, sai a ƙara matsa masa daga sama, TSH ya hau. Idan kuma ya wuce gona da iri, sai a janye umarnin, TSH ya faɗi. Ke nan TSH mai yawa na nufin aikin tairod ya ragu, TSH ɗan kaɗan na nufin aikin ya yi yawa.

Maƙoƙo kuwa kumburin tairod ne. Akwai mai maƙoƙo da sinadaransa ke daidai, akwai kuma wanda wuyansa sumul yake amma tairod ɗin ya daɗe da lalacewa. Ido ba ya raba wannan gardama, sai jini.

Ana wannan zafin rana a Legas, ta ina bitamin D zai yi mini ƙaranci?

Fata ce ke haɗa bitamin D idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta kai tsaye. Daga nan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya iya aikinsa na jawo kalsiyam daga hanji zuwa jini da ƙashi. Legas na kusa da tsakiyar duniya, wajen digiri 6 da rabi ta arewa, don haka wannan hasken ba ya yankewa duk shekara, ko da hadarin Yuni da Yuli da hazon hunturu sukan rage shi. Abin tambaya shi ne ko yana isa ga fata.

A Kano ko Sakkwato ko Zariya, matar da ke kulle tana da tsakar gida. A nan take wanki, take shanya, take tsefe kai, da ɗaurin ƙirji ko 'yar shimi, rana na dukan kafaɗunta da hannuwanta ba tare da baƙon ido ya gan ta ba. Idan aure ya kawo wannan matar Ikko, sai ta tsinci kanta a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, a gidan haya mai dogon lungu, ƙofa na kallon ƙofa, maza maƙwabta na shige da fice. Ko shanya za ta fita yi sai ta zura hijabi har ƙasa. Shekara na iya zagayowa rana ba ta ga komai a jikinta ba sai fuska da bayan hannu. Suturar ita ce dai wadda take sawa a gida, tsakar gidan ce ta rasa. Mu a ganinmu wannan ne babban dalilin da ya sa ya kamata magidanta su ɗauki maganar da muhimmanci.

Maza ma ba su tsira ba: mai gadin da ke kwana aiki ya wuni barci, telan da ke shiga shago da sassafe ya fito bayan magariba, ɗan canjin da ke zaune cikin ofis, direban da gilashinsa ke rufe. Gilashi na barin zafi da haske su wuce, amma yana tare UVB, saboda haka zama bakin taga a rufe ba ya ƙara komai. Masu sauke kaya a Mile 12 da masu harkar shanu a Oko-Oba da wuya su rasa rana.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙara dagula lamarin. Baƙar fata na bukatar lokaci mai tsawo a rana fiye da farar fata kafin ta haɗa adadi ɗaya. Fatar tsoho ba ta haɗawa kamar ta matashi. Kitse na riƙe bitamin D, shi ya sa masu ƙiba sukan sami nasu a ƙasa. Mai shafa man bilicin tana gudun rana da gangan. Sannan wasu magunguna na saurin karya shi a jiki: na farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazafin, rifamfisin na tarin fuka, da ƙwayoyin sitiroyid, ciki har da waɗanda wasu mata ke sha don su yi ƙiba.

Kullum a gajiye nake, jikina na ciwo, gashina na zuba. Wanne ne daga ciki?

Daga waɗannan ukun kaɗai babu mai iya faɗa, domin duka matsalolin biyu na kawo su, haka ma ƙarancin jini da ciwon suga da damuwa. Amma akwai alamomin da ke karkata ga ɗaya.

Ƙarancin bitamin D mai tsanani ya fi taɓa ƙashi da tsokar cinya da ƙugu. Mutum ya ji ƙashin baya, haƙarƙari da ƙwauri na masa zugi, idan an danna ya ji zafi. Tashi daga zaman tahiya ko daga tsuguno sai ya dafa ƙasa ko bango, hawa bene ya zama aiki. Ƙarancin da bai yi nisa ba sau da yawa ba ya nuna alama ko ɗaya.

Raguwar aikin tairod kan zo da jin sanyi lokacin da kowa ke neman fanka, taurin bayan gida, bushewar fata, kumburin fuska da safe, shaƙewar murya, ƙarin nauyi ba tare da ƙarin ci ba, jinin al'ada mai yawa, yawan barci da mantuwa. Yawan aikinsa kuma akasin haka ne: rama alhali ana ci sosai, zufa, faɗuwar gaba, rawar hannu, rashin barci, saurin fushi, yawan zuwa bayan gida, wani lokaci idanu su firfito. Mata sun fi maza kamuwa da ciwon tairod ninki 5 zuwa 8.

Abin da ke ba mu takaici shi ne yadda mace za ta shekara tana shan maganin maleriya da taifot a kemis duk bayan wata biyu, ko a ce iska ce, alhali gwajin TSH ɗaya ya isa ya bayyana abin da ke damun ta.

Ƙarancin bitamin D ne ke jawo ciwon tairod?

Ba a tabbatar da haka ba. Abin da aka sani shi ne, manyan cututtukan tairod guda biyu daga garkuwar jiki suke tasowa, wato garkuwar ta juya tana yaƙar naman mai ita. A cutar Hashimoto, wadda wani likita ɗan Japan ya bayyana a 1912, yaƙin na cinye tairod a hankali har aikinsa ya ragu. A cutar Graves kuma garkuwar na zuga shi ne ya yi ta aiki ba tsayawa. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna amsa saƙon bitamin D, kuma bincike da yawa sun nuna masu waɗannan cututtuka sun fi sauran mutane samun bitamin D a ƙasa.

Sai dai haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Mai ciwon tairod yakan rage fita, yakan ƙara ƙiba, waɗannan kuwa su kansu suna sauke bitamin D. Babban gwajin da aka yi a Amurka mai suna VITAL, wanda ya ƙunshi mutum sama da 25,000 masu shekara 50 zuwa sama, ya ba rabinsu bitamin D mai IU 2,000 (IU ma'aunin adadin bitamin ne) kullum na kimanin shekara 5. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cututtukan garkuwar jiki gaba ɗayansu sun ragu da kashi 22 cikin 100 a wajen masu shan bitamin ɗin. Da aka ware na tairod shi kaɗai, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba.

To idan na gyara bitamin D ɗina, zan iya ajiye maganin tairod?

A'a, Hajiya, kada ki ajiye. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna bitamin D na ɗan rage adadin anti-TPO, wato sinadarin garkuwar jiki mai yaƙar tairod, a jinin masu Hashimoto, amma ba ya dawo da naman da ya riga ya lalace, ba ya kuma zama T4. Wadda ta daina maganinta ba za ta ji komai ba a makon farko, domin maganin yakan daɗe a jini. Bayan wata ɗaya ko biyu ne kasala da kumburi za su dawo, kitsen jini ya hau, mai neman haihuwa kuma ta ƙara shiga haɗarin ɓari.

Wane gwaji zan yi, kuma yaya ake karanta shi?

Na tairod ana farawa da TSH. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai shi ne tsakanin 0.4 da 4.0 ko 4.5. Idan ya kauce sai a ƙara da FT4, wato gwajin T4, wani lokaci da FT3, wato gwajin T3, sannan anti-TPO idan ana zargin Hashimoto, ko TRAb idan ana zargin Graves. TSH da ya ɗan hau amma bai kai 10 ba, FT4 kuma na daidai, yawanci maimaita shi ake yi bayan wata 2 zuwa 3 kafin a yanke hukunci, domin sau da yawa yakan koma da kansa. Mai ciki ko mai neman ciki ba a sa ta wannan jiran.

Na bitamin D sunansa 25-OH D. Akwai wani mai kama da shi, 1,25, wanda ba ya nuna abin da jiki ya tara, kuma ya fi tsada, don haka a duba takarda da kyau kafin a biya. Ma'auni iri biyu ne, ng/mL da nmol/L, kuma 1 na farkon daidai yake da 2.5 na biyun. Ƙasa da 12 ng/mL, wato 30 nmol/L, ƙaranci ne sosai. Tsakanin 12 da 20 bai wadatar ba. Daga 20, wato 50 nmol/L, ya ishi ƙashin yawancin mutane, ko da wasu likitoci sun fi son a kai 30. Wanda ya ga 45 a takardarsa, ya fara duba wane ma'auni ne: a nmol/L ya ɗan gaza, a ng/mL kuwa ya wadata har da rara.

Ba sai an yi azumin abinci kafin waɗannan gwaje-gwaje ba. Mai shan maganin tairod ya bari a ɗebi jini kafin ya sha ƙwayar ranar idan za a auna FT4. Mai shan bayotin, wanda ke cikin ƙwayoyin gyaran gashi da farce, ta dakatar da shi kwana 2 zuwa 3 kafin gwaji, domin yana iya sa sakamako ya fito kamar na mai Graves alhali lafiyarta ƙalau. Kada kuma a yi gwajin tairod ana tsakiyar zazzaɓi mai nauyi, sai idan likita ne ya nema.

Idan kuɗin gwaji ɗaya ne a hannu, a yi TSH. Na bitamin D yakan fi tsada, kuma a 2024 babbar ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ce ba a bukatar auna shi ga lafiyayyen mutum haka kawai. Masu ciwon ƙashi, raunin cinya, ciwon ƙoda ko hanta, da wanda za a yi wa tiyatar tairod su ne gwajin ya fi yi wa amfani. Asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja suna da ɓangaren likitocin suga da tairod, ana zuwa da takardar turawa daga asibitin da aka fara gani.

Nawa ake sha?

Bukatar bitamin D ta yau da kullum IU 400 ce ga jariri, 600 daga shekara 1 zuwa 70, 800 ga wanda ya haura 70. A wasu kwalaye da mikrogiram ake rubutawa, kuma mikrogiram 1 daidai yake da IU 40, ke nan 25 shi ne IU 1,000. Babba kada ya wuce IU 4,000 a rana na dogon lokaci ba da umarnin likita ba.

Wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci sosai, sau da yawa akan ba shi IU 50,000 sau ɗaya a mako na sati 6 zuwa 8, daga nan ya koma IU 800 zuwa 2,000 kullum, a sake gwaji bayan kamar wata 3. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne shan ƙwayar 50,000 ɗin kullum. A zaɓi rana ɗaya, misali Juma'a, a rubuta a jikin kwalin. A cikin nau'o'in bitamin D biyu, D3 ya fi D2 ɗaga ma'auni. A sha shi da abinci mai ɗan maiƙo, domin a cikin mai yake narkewa.

Kalsitirayol da alfakalsidol, waɗanda ke zuwa a ƙananan adadi irin 0.25 mikrogiram, nau'in bitamin D ne na daban. Na masu ciwon ƙoda ne da waɗanda aka yi wa tiyatar wuya, suna da saurin ɗaga kalsiyam, ba a sayen su a matsayin maganin ƙarin kuzari.

Zan iya haɗa su duka in sha da safe in huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce tasiri a kan sakamakon gwaji. Lebotairoksin, maganin raguwar aikin tairod, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Euthyrox da Eltroxin, magani ne mai son ciki wayam. A sha shi da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa awa 1 kafin shayi, koko, kunu ko burodi. Mai tashi sallar asuba ya sami sauƙi: ya sha da ya farka, kafin a yi salla a yi lazimi a haɗa karin kumallo lokaci ya cika.

Bitamin D shi kaɗai ba ya hana maganin shiga jini. Amma yawancin ƙwayoyin ƙarfin ƙashi da ake sayarwa haɗin kalsiyam ne da bitamin D, kalsiyam kuwa yana kama lebotairoksin a hanji ya fita da shi. Haka maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ƙwayoyin da ake ba masu ciki a wajen awo, da farin ruwan maganin olsa. Duk waɗannan a ba su tazarar awa 4, wato a mayar da su bayan abincin rana ko na dare. Awara, madarar waken suya da kofi ma suna rage shigarsa, kada su biyo bayansa nan take.

Sau da yawa idan TSH ya ƙi sauka, ana ta ƙara adadin magani, da an bincika sai a tarar da shayi mai madara ake korar ƙwayar. Sauran dalilan su ne tsallake kwanaki, sauya kamfani kowane wata, da ajiya mara kyau. Zafi da laimar Legas na rage ƙarfin wannan maganin. A bar shi cikin takardarsa ta asali, nesa da kicin, banɗaki, taga da aljihun mota. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji na masu talla a cikin mota. Bayan kowane sauyin adadi ko na kamfani, a maimaita TSH bayan sati 6 zuwa 8. Yin sa kafin nan asarar kuɗi ce, jiki bai gama daidaituwa ba.

Da azumi fa?

Hanya uku ce ta shan lebotairoksin: a sha minti 30 zuwa awa 1 kafin sahur, ko a sha da ruwa lokacin buɗa-baki a ɗan jinkirta abinci na rabin awa, ko kuma lokacin kwanciya idan an yi awa 3 zuwa 4 da cin abinci na ƙarshe. A zaɓi wadda za a iya riƙewa har ƙarshen wata. Bitamin D a sha shi da abincin buɗa-baki. Wanda ya manta ƙwayar tairod ta rana ɗaya ya sha idan ya tuna. Mai yawan aikin tairod da bai lafa ba, zuciya na gudu, ya ga likitansa kafin Ramadan ya kama.

Wace rana ce ke da amfani, kuma minti nawa?

Da yawa sun ɗauka ranar sassafe ce mai bitamin. Gaskiya a lokacin UVB kaɗan ne ke isowa ƙasa. Ya fi yawa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma, kuma alamar ita ce inuwar mutum ta fi shi gajarta. Ga mai baƙar fata, kamar minti 20 zuwa 30 da hannuwa da ƙafafu a buɗe, sau 3 ko fiye a mako, ya wadatar ga yawanci. Jiki na tsayar da haɗawa da kansa idan ya ƙoshi, don haka daɗewa ba ta ƙara komai sai ƙuna.

Maigida zai iya taimakawa da abu mai sauƙi: a kewaye baranda ko bayan ɗaki da labule ko langa-langa ta gefe, a bar sama a buɗe. Inda hakan ba zai yiwu ba, ƙwayar IU 600 zuwa 1,000 kullum ta fi zama babu. Zabiya kada ya bi wannan shawara ta zama a rana ko kaɗan, saboda haɗarin kansar fata. Shi ƙwaya ce tasa. Jaririn da bai kai wata 6 ba ma ba a shanya shi a rana tsaka.

Abinci ba zai wadatar ba? An kuma ce gero da rogo na kawo maƙoƙo.

Abinci mai bitamin D kaɗan ne. A nan Legas ta fi Arewa sa'a, saboda kifi mai maiƙo: titus, shawa da sadin na gwangwani. Panla ba shi da maiƙo, nasa kaɗan ne. Ƙwai ɗaya na da kusan IU 40, a gwaiduwa yake, ke nan sai an ci 15 kafin a kai 600. Wasu madarar gari da man shafa burodi an ƙara musu, a karanta jikin gwangwani. Ƙaramin cokali na man hantar kifi na da wajen IU 450, amma yana da bitamin A mai yawa, mai ciki kada ta sha sai da izinin likita.

Gero da rogon da ba a jiƙa ya tsima sosai ba suna ɗauke da sinadaran da ke iya takura tairod, amma illarsu na bayyana ne inda aidin ya yi ƙaranci kuma kusan su kaɗai ake ci. Mai cin abinci iri-iri da gishiri mai aidin ba shi da dalilin barin fura ko garin kwaki. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. A sayi na leda mai hatimi, a zuba a mazubi mai murfi nesa da murhu, domin wanda aka baza a faranti a kasuwa aidin ɗinsa na tashi. Kanwa da manda da balma ba sa maye gurbinsa. Babba na bukatar aidin mikrogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Yawansa ma matsala ne: ɗigon aidin da garin ciyawar teku da ake tallatawa a intanet na iya tayar da Graves ko ƙara danne tairod ɗin mai Hashimoto.

Ina shan maganin tairod, sai ga ciki. Me zan yi?

Ki ci gaba da sha, ki je asibiti a makon da kika gane. A watanni ukun farko ɗan tayi da sinadarinki ya dogara, bukata kuma na ƙaruwa da wuri, shi ya sa akan ƙara adadin lebotairoksin da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, a riƙa duba TSH kusan duk sati 4 har tsakiyar ciki. Idan kabimazol, maganin yawan aikin tairod, kike sha, likita yakan sauya shi zuwa PTU, wani maganin mai irin aikinsa, a farkon ciki saboda lafiyar halittar jariri.

Bayan haihuwa, kimanin mace 1 cikin 20 tairod ɗinta kan rikice a cikin shekarar farko. Mai jegon da faɗuwar gaba, rama ko kasala mai nauyi suka ƙi barin ta, kada a ce wahalar raino ce kawai. Nonon uwa ba shi da bitamin D da yawa, balle na uwar da ta yi arba'in a ɗaki, don haka ana ba jariri mai shan nono ɗigon IU 400 kullum. Jaririn da shawara ta wuce sati 2 ba ta washe ba, ga yawan barci, kasalar tsotso, taurin kashi da babban harshe, a nemi a auna masa TSH ba tare da jinkiri ba. Idan an fara magani a makonnin farko ƙwaƙwalwarsa na tsira.

Ƙafafun yarona sun lanƙwashe. Bitamin D zan saya masa?

A kai shi a duba tukuna. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yaran Najeriya da yawa masu wannan lalura kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai warkewa. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwo, ba nono ba madara ba ƙananan kifi, shi ne abin ya fi kamawa.

Za a yi mini tiyatar maƙoƙo. Me ya sa likita ke maganar kalsiyam?

A bayan tairod akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama guda 4 da ake kira paratairod. Su ne ke kula da kalsiyam na jini, tare suke aiki da bitamin D. A lokacin tiyata sukan bugu ko jininsu ya ragu, sai kalsiyam ya faɗi cikin kwana 1 zuwa 3. Wanda ya shiga tiyata da ƙarancin bitamin D ya fi fuskantar wannan, haka mai Graves, domin ƙashinsa da ya daɗe yana zubar da kalsiyam yakan shiga zuƙe shi da ƙarfi bayan aiki. Saboda haka a nemi a auna a gyara tun makonni kafin ranar. Bayan tiyata, tsikari ko sagewa a leɓe da yatsu, ko ɗaurewar hannu, a gaya wa ma'aikaciyar jinya nan take, idan an riga an koma gida a juyo asibiti. Wanda aka cire wa tairod gaba ɗaya zai sha lebotairoksin har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙwayar bitamin D halal ce?

Yawancin D3 daga maiƙon gashin tumaki ake samar da shi, wani daga man kifi, wani daga tsiro. Inda ake shakka shi ne ɓawon ƙwaya mai taushi, wanda akan yi da jelatin na saniya ko na alade. Mai son kauce wa shubuha ya nemi ƙwaya mai tauri, ko ɗigo, ko wadda aka rubuta halal ko ta tsiro a kwalinta.

Allura ɗaya mai ƙarfi ba ta fi sauƙi ba?

Allurar IU 300,000 ko 600,000 na da wurinta, ga wanda hanjinsa ba ya tsotsar abinci yadda ya kamata. Ga sauran mutane ƙwaya ta fi aminci. A wani gwaji a Ostareliya da aka buga a 2010, tsofaffin matan da aka ba IU 500,000 a tashi ɗaya sau ɗaya a shekara sun fi sauran faɗuwa da karaya. Bitamin D ba ya fita ta fitsari, taruwa yake a kitse, idan ya yi yawa kuma kalsiyam ya hau: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, ruɗewa, tsakuwar ƙoda, har lalacewar ƙodar. Mai tsakuwar ƙoda, mai ciwon ƙoda da mai tarin fuka kada su fara babban adadi sai an auna kalsiyam ɗinsu.

Waɗanne alamomi ne ba a kwana da su a gida?

Mai shan kabimazol, wanda aka fi sani da Neo-Mercazole, ko PTU, idan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki suka kama shi, ya dakatar da maganin ya je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa a ranar, kada ya tsaya shan maganin maleriya. Haka idan idanunsa suka yi rawaya ko fitsari ya yi duhu. Mai Graves da zazzaɓi mai zafi, gudun zuciya, amai da ruɗewa suka haɗar masa, sashen gaggawa za a nufa da shi. Tsohuwa mai raguwar aikin tairod da jikinta ya yi sanyi ƙalau, barci ya yi mata nauyi har ba ta amsa kira sosai, ita ma haka.

Kumburin wuya mai tauri ko mai saurin girma, shaƙewar muryar da ta wuce sati 3, wahalar haɗiya, ko numfashi mai ƙara idan an kwanta, suna bukatar hoton sikanin wuya, wani lokaci a tsotso ɗan nama da siririyar allura a duba. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho ko sakiya a wurin, manyan jijiyoyin jini na wuya a gefensa suke. A tafi asibiti da duk takardun gwajin baya da kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya da na gyaran jiki.